Hotunan Modena da Zauren Kakana

Ladanin unguwarmu bai ƙarasa kiran asuba ba muka baro Mu'aither. Mijin ƙanwar mahaifiyata ne ya kai ni filin jirgi, yana tuƙi yana hamma, domin daga can asibiti zai wuce aiki. A gidansu nake zaune tun da na zo Doha karatun adana tsofaffin gine-gine. A hanya ya tsaya wani ɗan shago ya sayo karak, shayin madara mai kauri, ya miƙo min kofi ta taga.

"Sha ki more, ɗiyata," in ji shi. "Inda za ki, shayinsu ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa."

Tafiyar ta makaranta ce. Malamarmu, wata dattijuwa 'yar Halab ta Siriya, garin da yaƙi ya ragargaza, wadda ba ta ɗaga murya sai in za ta ce "yalla", wato "mu je", ita ta kwashe mu 'yan ajinta zuwa wani gari a arewacin Italiya da ake kira Modena, mu ga babban cocinsa da hasumiyarsa da dandalin da ke gefensu. Ukun nan suna cikin wuraren da duniya ta amince a kare su a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya. Da yawa cikinku kun tambaye ni hotuna, wasu kuma sun ce na yi shiru tun da na dawo. Ga labarin, kuma a cikinsa za ku ga dalilin shirun.

Na tafi da wata bukata wadda ba ta cikin tsarin makaranta. A gidanmu na cikin birnin Zariya akwai zauren ƙasa da kakana, wanda ake kira Malam, ya gina da hannunsa, da yake magini ne. Fuskar zauren duk zane ce mai tudu: dagi a saman ƙofa, layuka masu lanƙwasa suna gangarowa gefe da gefe, sai keke a hannun hagu, da ƙafafunsa biyu har da ƙararrawa, saboda a shekarar da ya yi ginin ya sayi keke, kuma yana so gari ya sani. Tun rasuwar Baba yaɓen shekara ya fara tsallake, zanko ɗaya ya gutsure, indararo ya karkace. Yayanmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce ya gaji da gyaran da ba ya ƙarewa. Kafin damina ta sauka zai rushe zauren ya fitar da shagunan bulo. Ni ce auta. Na sha ɗaukar waya da niyyar roƙonsa, in ƙare da tambayar lafiyar yara. Sai na ƙudurta a raina cewa abin da bakina ya kasa faɗa, hoto zai faɗa.

Wajen azahar muka sauka a Milan, sanyi ya tarbe mu tun daga ƙofar jirgi. Daga nan jirgin ƙasa muka hau. Abokiyar ɗakina a wannan tafiyar, wata 'yar Sudan da Allah ya ba ta bakin mutum biyu, nata da nawa, ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin bikin 'yar'uwarta, ni kuwa ina kallon taga. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai. Gonakin inabi a jere, itatuwa a jere, har magudanan ruwa a jere. Amma jefi-jefi sai ka hango gidan gona na jan bulo da rufinsa ya rufta, ciyawa ta leƙo ta taga, ba kowa. Ashe su ma ba komai suke cetowa ba. Zaɓa suke yi.

Maganar abinci, duk mai niyyar zuwa ya shirya. Garin na masu cin alade ne, har wani ɗan burodinsu da ake soyawa, mai kumbura kamar fanke, da kitsensa ake yi. Malama ta koya mana yadda za mu tambaya, amma ni kunyar tambayar ta sa na liƙe wa taliya da tumatir da cuku, sai shawarma a shagon wani ɗan Maroko kusa da tasha. Kuɗin gorar ruwa ɗaya a bakin dandali zai saya maka karak kai da abokanka a unguwar Bin Omran ta Doha. Suna da wani baƙin ruwan tsami mai kauri da suke ajiyewa shekaru a ganguna, suna ɗiga shi a kan cuku kamar maganin ido. Na ɗanɗana. Tsamiya ce da ta yi karatu a waje.

A kasuwarsu mai rufi kuma na yi abin kunya. Na miƙa hannu zan latsa tumatir, yadda muke yi a kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour a Doha, sai mai kayan ta daka min tsawa tana kaɗa yatsa. A can ba a taɓawa. Kai dai ka nuna, ita ta zaɓa maka. Na sayi tumatir ɗin da ba ni da inda zan dafa shi, don kawai in wanke laifina.

Washegari da safe muka nufi dandalin. Titunan ƙunci ne da su, ana tafiya a ƙarƙashin baranda mai ginshiƙai, ba ka ganin komai sai bayan wanda ke gabanka. Kwatsam sai gari ya buɗe. Fili ne babba da aka daɓe da duwatsun rafi masu kai kamar ƙwai, ga cocin ya miƙe a gefe guda, fari da ɗan ja-ja kamar cikin gwaba, ga hasumiyar a bayansa ta ɗan karkata kamar mai sauraron magana. An fara ginin fiye da shekara ɗari tara da suka wuce, a salon da ake dangantawa da Rumawa: bango mai kauri, tagogi ƙanana, kowace ƙofa da bakan gizo a kanta. Zakuna na dutse suna kwance a bakin ƙofofin da ginshiƙai a gadon bayansu, hannayen mutane sun goge su har suna sheƙi.

Na tsaya jim a bakin ƙofa. Ban taɓa shiga coci ba. Malama ta lura, ta zo kusa da ni ta ce a hankali, "Bango muka zo karantawa, 'yata. Yalla." Akwai sanarwa a ƙofar cewa mata su rufe kafaɗa da gwiwa. Abokiyar ɗakina ta dubi hijabina ta ce ai ni na ci jarrabawar har da ƙari. Ciki duhu ne da sanyi, jan bulo tsirara, ƙamshin kyandir. Wata tsohuwa tana durƙushe tana addu'arta, na taka a hankali don kada in dame ta. A fuskar ginin ta gaba akwai sassaƙen labarin farkon halitta, wanda na duba aikinsa ban daɗe a kan fuskokin ba.

Abin da ya tsayar da ni wata ƙaramar ƙofa ce ta gefe. A jikin dogaranta an sassaƙa watannin shekara, kowane wata da aikinsa. Wani mutum yana jin ɗumin wuta, wani yana sassabe, wani yana girbi da lauje, wani yana fama da ganga. A sama kuma ga zakaru biyu sun ɗauko gawar dila za su kai ta makwanci. Na yi dariya ni kaɗai. Wanda ya sassaƙa wannan da kakana mai keke, da sun haɗu ba sa bukatar tafinta. A bangon baya, ta wajen dandali, an huda ma'aunai a jikin dutsen: tsawon kamu, girman bulo, girman abin rufi. A da can in an yi gardama a kasuwa, nan ake zuwa a gwada. Ginin ibada ne, amma gari duka ya jingina da shi.

Sai kuma yadda suke riƙonsa. Mota ba ta ratsa dandalin yadda ta ga dama. Mai shago ba ya rataya allon da ya so. Malama ta ce akwai na'urori a jikin hasumiyar da ke auna motsinta dare da rana, saboda ƙasar tana girgiza wani lokaci. A wani lungu mun tarar da wata mata a kan tsani, da farar riga, tana share dutse da ɗan buroshi kamar na goge baki. Muka zagaya gari muka dawo, ba ta wuce faɗin tafin hannu ba.

Da yamma, da muka koma masauki inda wayata ke samun intanet, na zaɓi hotuna mafi kyau na tura wa Yaya. Farin bangon yana ɗaukar ido a cikin rana, ba tsaga, ba gutsure. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe abin da na iya turawa shi ne: "Yaya, ka ga yadda suke riƙe na kakanninsu."

Bayan magariba saƙon muryarsa ya shigo.

"Auta, na gani. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na nuna wa Umma, har ta yi ƙwalla. Wato su arna... to, Allah ya ba su, Turawa sun riƙe nasu, mu a ce mun kasa riƙe na Malam? An fasa shaguna. Ki bar min sauran, za ki sha mamaki."

Na saurare shi na sake saurara. Kashegari na hau hasumiyar har inda ake bari a kai ban ji gwiwata ba. Daga sama rufin garin duka ja ne, dandalin ya koma kamar tabarma. Na yi ta surutu har abokiyar ɗakina ta taɓa goshina ta ce, "Ke, ina kika kai waccan mai shirun? Ki dawo min da ita, wannan tana cinye min lokacin magana."

Kwana biyu na yi a haka. A cikinsu ne malama ta bi da mu wani lungu bayan kasuwa, ta tsaya gaban wani tsohon gida da ba ya cikin waɗanda ake karewa. An taɓa shafe ƙasan bangonsa da siminti. Ta ƙwanƙwasa da makulli, ya yi ƙara kamar ƙwarya. A inda wani ɓangare ya ɓalle, bulon da ke ciki ya zama gari, ana iya kwasarsa da cokali. Ta tambaya me ya faru, kuma a karon farko a tafiyar na ɗaga hannu. Na ce tsohon bango numfashi yake yi, yana shan danshi yana fitarwa. Siminti yana toshe shi, ruwa ya shiga ta sama ko ta ƙasa ya rasa mafita, sai bangon ya ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa tana nan sumul. Na ce in bangon na ƙasa ne abin ya fi muni, domin ba ya gargaɗi, rana ɗaya yake zubewa. Malama ta gyaɗa kai. Tun shekarar farko muka karanta wannan. A raina ina tsara yadda in na je hutu zan nemo tsofaffin maginan da suka rage, a kwaɓa jar ƙasa, a jiƙa makuba, a yi yaɓen yadda kakana yake yi. Ina ganin ai sai an fara ceto zauren daga rushewa, sannan a yi maganar yadda za a gyara.

Ana gobe za mu taho, aka ba mu yammacin mu huta. Na koma dandalin ni kaɗai. Kusa da wani ƙaton jan dutse da aka ce a da masu jawabi ke hawa, ƙafata ta gurɗe a tsakanin duwatsun nan, na ce, "Wayyo Allah, ƙafata!"

"Sannu! Kai, Hausa a Modena?"

Wani magidanci ne da jakar cefane, yana dariya har da riƙe ciki. Ɗan zangon Kumasi ne, ya daɗe a can yana aiki a masana'antar tayil da ke bayan gari. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida kamar ya san su. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, ya ɗaga kai ya dubi cocin kamar yau aka gina shi.

"Wato tun daga ƙasar Larabawa kuka hau jirgi don wannan? Ƙanwata, ni kullum ta nan nake wucewa, ban taɓa sanin karatu ba ne. Da kun aiko ni na duba muku."

Na ce masa mu ma muna da tsohon zaure a gida, kuma yayana ya yarda zai gyara.

"Madalla da shi! Ɗan halak ke nan. Ni ma da Allah ya buɗa min, kafin in sayi ko agogo, gidan tsohona na fara rufa wa asiri. Na aika aka shafe shi da siminti tun daga ƙasa har sama. Ai mu abin da ake yi wa gidan da ake ƙauna ke nan."

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na san dai na bi barandar nan da ɗingishi ina sauri. Ina shiga masauki wayar ta kama intanet, saƙonni suka shigo a jere.

Hotuna ne daga Yaya. Mutane a kan tsani da guduma da kurfi. Fuskar zauren an kankare ta ta zama fili, an buga mata ƙusoshi, an ɗaura ragar waya. Buhunan siminti a jingine a inda Baba yake shimfiɗa buzunsa. A ƙasa kuma tarin jar ƙasa, yara suna wasa a kai. Na buɗa hoton da yatsu ina neman ko da ƙafar keken a cikin tarin. Ƙasa ce kawai. A ƙarƙashi ya rubuta: "Aiki ya kankama. Sun ce sai an sauke tudun zanen siminti zai kama da kyau. Zai yi sumul kamar naki na can."

Na kira. Ya ɗauka cikin hayaniya da ƙarar shebur. "Auta, muna tsakiyar kwaɓi, kar ya bushe. Sai kin sauka!" Ya kashe.

Na sami malama a ɗakin karyawa tana shan shayin nan da aka nuna wa ganye. Na miƙa mata wayar. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Kina da hotonsa na da? Cikakke, daga gaba?"

Na duba. A wayata akwai haƙoran zakunan Modena ɗaya bayan ɗaya, akwai kowane wata na ƙofar gefe, daga kusa da daga nesa. Na zaurenmu kuwa hotunan Sallah ne kawai, mun jeru a gabansa da sababbin kaya, kafaɗar wani ta rufe dagi, ɗankwalin wata ya rufe keke.

Ta cire tabarau ta mayar min da wayar. "Ni ma irin waɗannan nake da su na gidanmu," in ji ta. Ta turo min kofinta. Na ɗauka na kurɓa.

Ranar tahowa da yayyafi muka tashi. Na ratsa dandalin na ƙarshe da akwatina yana tsalle a kan duwatsu. Ruwa yana bin farin bangon yana sauka ta hanyoyin da aka yi masa tun ƙarni da ƙarni, matar nan mai buroshi ta rufe wurin aikinta da leda. Ban ɗauki hoto ba. A jirgin ƙasa abokiyar ɗakina ta riƙe hannuna, kuma har Milan ba ta ce uffan ba, wanda na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Mun sauka a Doha zafi ya fara. Gine-ginen gilashi suna ta ƙyalli a bakin teku, waɗanda ba wanda zai yi kuka in an sauke ɗayansu gobe. Kwana biyu da dawowata, bayan la'asar, Yaya ya kira ni ta bidiyo. Yana tsaye a ƙofar gida da sabuwar hula.

"Rufe idonki, 'yar boko. To, buɗe!"

Ya juya wayar. Bango ne toka-toka, sumul, da kusurwa kamar an yanka da wuƙa. An cire zankwayen, an daidaita saman. Ya buga shi da tafin hannu.

"Kin ji? Dutse! Na sa an yi shi da kauri. Ke da jin labarin yaɓe har abada. Fenti ya rage, fari za a sa, irin na hotonki. Maƙwabta sai shigowa suke suna sa albarka."

Fuskarsa duk fara'a. Rabon da in ga Yaya haka tun Baba yana da rai. Ya bar shagunan da ya daɗe yana lissafi a kansu saboda ni. Na buɗe baki, duk bayanin da na yi a gaban malama yana nan a kan harshena, a jere. Kafin in fara, Umma ta karɓi wayar, ta kawo ta daf da fuskarta yadda ta saba.

"Auta, Allah ya yi miki albarka. Ke kika ceci zauren Malam. Karatunki ya yi rana."

Na ce, "Amin, Umma."

Da wayar ta koma hannun Yaya na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya. Abu ɗaya nake roƙo."

"Faɗi, ranki ya daɗe."

"In damina ta yi nisa, kada a bar kowa ya riƙa kwana a ciki. Ko baƙo."

Ya yi dariya har wayar tana rawa. "Yanzu da ya fi ko'ina ƙarfi a gidan? Kai, Auta, boko dai bai bar ki da lafiya ba."

Abin da tafiyar ta koya min ba shi da daɗin faɗa. Na tafi ina zaton abin da ya raba mu da mutanen Modena shi ne su suna son nasu, mu ba ma son namu. Ba haka ba ne. Yaya yana son zauren nan, kuma son ne ya hau tsani da guduma. Su abin da suke da shi, mutane ne da aka ba su bakin cewa "tsaya, ba haka ake yi ba", kuma a tsaya. Mu a gidanmu mai wannan sanin ita ce ƙarama, kuma an yi mata tarbiyya mai kyau.

Ban san damina nawa bangon zai ɗauka ba. Littattafan ma ba su sani ba. Zanen dai ya tafi, kuma wanda ya san yadda aka yi shi yana kabari. Yanzu kowace safiya, kafin in fita makaranta a garin da sama ba ta da ko ɗigon gajimare, sai na duba yanayin Zariya a waya. Jiya Umma ta ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, suna ta murna.